Habu Burtu Ya Tafi Bai Ce Hotona Ya Yi Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Habu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina ɗaura takalmi zan fita aiki. Waya ta yi ƙara, na ga lambar gida. Mu da muke zaune a ƙasar wasu mun sani, lambar gida ba ta kiran mutum da sassafe don a gaishe shi.

Yayansa ne, Malam Sani. Ya ce, "Nasiru, sai haƙuri. Ɗan'uwanka ya cika jiya da la'asar. Mun kai shi kafin magariba."

Har an kai shi. Ana zuba masa ƙasa a Bunkure, ni ina nan ina jera kwalaye a sito, ina duba agogo.

'Yan wannan zaure na masu son hoto a intanet, da yawanku ba ku taɓa ganinsa ido da ido ba. Shi ne mai sa hotunan tsuntsaye da sunan Habu Burtu. Sunansa na yanka Abubakar. Malamin firamare ne, yana da 'yar gonarsa ta rani a bakin kanal, tumatir da shinkafa. Tare muka taso, tare muka yi kwalejin horon malamai. Ni ne wanda yake kira Dogo a ƙarƙashin hotunana.

Zan faɗi abin da ba a faɗa a zaman makoki, tunda ni ban samu zaman makokin ba.

Ina kishin Habu. Har yanzu da nake wannan rubutu ina kishinsa. Allah shaida ne ban taɓa yi masa fatan abin hannunsa ya zube ba, amma duk ranar da ya sa sabon hoto, ranar abinci ba ya yi min daɗi.

Ni fa na koya masa. Wannan ne abin da ya fi ci min rai.

Kyamarar farko da ya taɓa riƙewa tawa ce, irin mai fim. Ranar da na fara ba shi, da muka kai fim ɗin wanki a Kano, duk hoton da ya fito da babban yatsan Habu a gefe kamar rogo. Mai wankin hoton ya ce, "Wannan abokin naka yatsa yake sayarwa?" Mun yi wata muna yi masa dariya.

Da zan taho na bar masa ita. Na ce, "Riƙe, ka dinga ɗaukar 'yan biki." Da raini na faɗa, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Daga baya ya samu wata 'yar dijital ta hannu, mai shan batir kamar me, murfinta ma da roba yake ɗaure shi. Ni kuwa na yi ta aikin ƙarin lokaci har na sayi kyamara mai dogon gilashi kamar taɓarya, da abin ɗora ta mai ƙafa uku. Na ce to, yanzu za a san waye malami, waye ɗalibi.

An kuwa sani.

Ranar Asabar zai hau bas daga Kura ya shiga Kano, ya zauna a kafen intanet, layin yana jan ƙafa, ya sa hoto ɗaya tak, ya koma gida. Kafin Litinin zauren nan ya ɗauka. Ni in zuba guda goma daga ɗakina, a samu mutum biyu su ce "nice one" don kara.

Ku da kanku kun san yadda yake yi wa mutane sharhi. Wata baiwar Allah ta sa hoton tattabara duk ya yi duhu, sai da ya rubuta mata kusan shafi guda: "Hajiya, ki bari rana ta koma bayanki. Kada ki dasa tsuntsun a tsakiya, ki bar masa fili ta inda yake kallo, ko zai so ya tashi." Wani ya sa hoton ƙadangare, ya ce masa ya kashe filas, ya jira ƙadangaren ya ɗaga kai. Kowa ya samu rabonsa, da lallashi.

Ni kuwa, shekara da shekaru, abu ɗaya yake rubuta min.

"Dogo, sauka ƙasa."

In sa agwagwa, "Dogo, sauka ƙasa." In sa kurege a kan ciyawa, "Dogo, sauka ƙasa." Akwai ranar da na ƙule na sayi kati na kira shi. Na ce, "Kai Habu, ni ban kai a yi min dogon bayani ba ne? Kowa shafi, ni layi?"

Ya yi dariyar nan tasa mai kama da tari. Ya ce, "Su ba su sani ba ne, Dogo. Kai ka sani, ƙi kake yi."

Na ce me na sani?

Ya ce, "Duk hotunanka daga sama kake leƙen tsuntsu, kamar hedimasta yana duba farcen ɗalibai. Ƙeyarsa muke gani da gadon bayansa. Ka kwanta, idonka ya yi daidai da nasa. Idan ba ka ga rana a cikin idon tsuntsu ba, gashi ka ɗauka."

Na kashe wayar ban yi sallama ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa.

Sunan Burtu kuwa ga inda ya samo shi, don wasunku suna tambaya. Maharban zamanin da suna da wata dabara. Sai su ɗaura kan burtu a goshi, wannan babban baƙin tsuntsun mai kiwo a ƙasa, su yafa baƙin zane, su sunkuya suna tafiya suna caccakar ƙasa da bakin. Dabba ko tsuntsu ba ya gudun burtu, sai maharbi ya matsa har inda yake so. Habu ya je ya samu wani tsohon maharbi da ya daina fita, ya yi ta kai masa gaisuwa har tsohon ya ba shi nasa, ya kuma koya masa tafiyar.

Ku hango malamin makaranta, ɗan gidan malamai, yana rarrafe a cikin taɓo da kan tsuntsu a goshi. 'Yan garin suka ce Malam ya taɓu. Malam Sani, da yake shi ne mai Islamiyyar gidansu, ya kira shi ya ce, "Habu, ka duba sunan gidan nan. Iyayen yara suna ganinka." Habu ya ce, "Yaya, ai duk maharban da suka taɓa sa shi, ni kaɗai ne ban kashe komai ba." Malam Sani ya ce to aƙalla ya dinga cirewa kafin ya shigo gari.

Kuma ba ya bin tsuntsu. Ya san ranar da za a saki ruwan kanal a kowane layin gonaki. Ruwa na shiga busasshen fangali, gyare da fara da tsutsa duk sai su fito suna gudu, balbela da zalɓe su biyo bakin ruwan suna tsinta. Shi sai ya je gaba, inda ruwan bai iso ba, rana a bayansa, ya lafe. Ruwan ne yake kawo masa su har gabansa.

Nima na san wannan. A cikin waɗannan gonakin na tashi. Ban taɓa tunanin sa ba ne kawai.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, zuwana gida ne bara waccan, da rani. Tun a waya ya ce min gauraka biyu suna sauka ta wajen Kura, ga shi sun yi wuyar gani yanzu, in zo da taɓaryata. Muka fita bayan sallar asuba a kan mashin ɗinsa. Ni da sabon wandon jins da farar riga da farin takalmi, mutumin Turai ya zo gida.

Muna isa ya buɗe buhu ya miƙo min baƙin zane. Ya ce, "Ga naka. Burtun ɗaya ne, amma kai ka sa, ni na saba."

Na ce, "Ni? Da gemuna? Kai, gilashin nan daga nan zai jawo min su har gashin ido."

Ya dubi takalmina, ya dube ni. Ya ce, "To, Bature. Allah ya ba da sa'a."

Na kafa ƙafa ukuna a kan tudun kanal. Shi ya tuɓe silifa, ya ɗaura kan burtun, ya gangara. Wallahi da ban ga lokacin da ya sa ba, da nima na ce tsuntsu ne. Ya yi taku, ya tsaya, ya caccaki ƙasa, ya karkata kai. Ga gauraka biyun can a bakin ruwa, tukkunsu kamar an kunna fitila. Ko kallonsa ba su yi ba. Ni suke kallo. Wuya a miƙe, ido a kaina, suna jiran in motsa.

Na kuwa motsa, don in gyara ƙafar kyamara. Suka tashi.

Abin da na samu: bayan gauraka biyu suna tafiya, da turken lantarki ya tsaga hoton gida biyu.

Abin da ya samu kun san shi. Shi ne hoton nan da rabin zauren nan suka sa a fuskar kwamfutarsu. Kan gauraka a gefe, rana a cikin idonta, ɗigon ruwa yana shirin faɗowa daga bakinta.

Ku koma ku duba shi da kyau. A can baya, ta hannun dama, akwai wani dogon farin abu da bai fito sosai ba. Wani a nan ya taɓa tambaya ko turke ne. Habu bai amsa ba.

Ni ne.

Da ya hauro, taɓo har ƙirji, ya nuna min a 'yar fuskar kyamarar. Ya ga yadda fuskata ta yi. Sai ya ce, "Ai tare muka ɗauka, Dogo. Kai ka tsayar min da ita. Da ba kai take kallo ba, da ba ta tsaya cak haka ba."

Ya faɗa ne don ya sanyaya min rai. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na ƙetaro teku da kyamarar da na yi wa wahala, na zo na zama mutum-mutumin gona a hoton ɗalibina.

Muka tsaya wurin mai shayi a Kura. Mai shayin ya ce, "Malam, yau ma an sha da ƙasa?" Habu ya ce, "An sha. Zuba wa baƙona mai kauri, yau ya yi aikin tsayuwa." Shi ya biya, bai bari na sa hannu a aljihu ba. Ranar da zan koma ya raka ni tasha, ya riƙe min jaka har mota ta cika. Ya leƙo ta taga ya ce, "Idan ka dawo kai za ka sa burtun, ni in riƙe maka takalmi. Ƙasa ba ta cizo, Dogo."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan da na ji ido da ido.

Da a kan tsuntsaye kaɗai ya fi ni, da na haƙura.

Duk Sallah sai ya je ya gaida Inna, mahaifiyata. Ya kai mata kwandon tumatir daga gonarsa, ya ɗauke ta hoto, ya aiko min. Ban taɓa roƙonsa ba. Akwai wanda ya aiko, tana dariya baki buɗe, giɓinta a waje, ta ɗaga hannu za ta rufe ba ta kai ga rufewa ba. Ni duk hoton da na taɓa yi mata, sai ta gyara ɗankwali ta ƙame kamar za a yi mata katin shaida.

Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce, "Ba abin da na yi. Zama na yi a ƙasa gefen tabarmarta har ta manta da ni."

Hoton nan yana manne a jikin bangon ɗakina. Kullum ina kallonsa, kullum ina tuna cewa ba ni ta yi wa dariyar ba.

Da ta yi ciwon ƙafa shi ya nemo mota ya kai ta asibiti, sai da ta samu sauƙi na ji. Idan na kira ta takan ce, "Ɗana na kusa ya zo jiya." Ba da wata manufa take faɗa ba. Ni dai ɗanta na nesa sai in ce madalla, in haɗiye.

Watan jiya na ɗauki hoton da na tabbata ya fi duk wanda na taɓa ɗauka. Farar agwagwar nan ta ƙasar nan mai dogon wuya, ta buɗe fiffike a kan ruwa, hazo a bayanta. Kun yaba, na gode. Wasu har suka ce na kamo Habu. Amma ba naku nake jira ba. Kalma biyu nake jira daga mutum ɗaya: ya yi.

Asabar ta zo ta wuce, shiru. Wata Asabar ɗin ta zo ta wuce, shiru. Ina tashi daga aiki kafin in cire riga sai na kunna kwamfuta. Har na fara jin wani daɗi a raina. Na ce lallai wannan karon ya rasa abin cewa, yau shi ma ya ɗanɗana abin da nake ɗanɗana.

Ashe yana kwance. Zazzaɓi ne ya kama shi, ya lafa, ya dawo da ƙarfi. Ya hana a faɗa min, wai kada a tayar wa na nesa hankali.

Da safen nan, a tsakiyar gaisuwar mutuwa, bayan na ce Allah ya jiƙansa, sai na ji bakina ya ce, "Malam, ya kuwa ga hoton?"

Malam Sani ya ce, "Wane hoto?"

Habu bai gani ba. Rabonsa da shiga Kano tun kafin in sa shi.

Na ajiye waya na buɗe hoton na kalle shi da idon Habu. A tsaye na ɗauke shi, daga kan gada. Ƙeyarta ce da gadon bayanta. Na san abin da zai rubuta.

Kafin mu rabu Malam Sani ya ce, "Kan tsuntsun nan nasa yana nan a rataye a bayan ƙofa. Na yi shekaru ina so in ga an jefar da shi, yau kuma na kasa taɓawa." Na ce ya ajiye min. Ya ce, "Sai ka zo." Ban ce masa yaushe ba, don ban sani ba.

Ko a tafiyar ma Habu ya fi ni. Ya cika a ɗakinsa, yayansa ya yi masa wanka, iyayen ɗalibansa da manoman layinsu suka yi masa sahu, aka sa shi a ƙasar da ya yi ta rarrafe a kanta. Ni idan tawa ta zo a nan, ban san wanda zai sani ba kafin a kwana biyu. Allah ya yafe min, wannan ma na yi kishinsa.

Ban je aiki ba yau.

Akwai wani kanal a bayan unguwarmu, ruwansa baƙi, gefensa siminti da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Na sha gaya wa Habu cewa nan ba Bunkure ba ce. Baƙar fata ya kwanta a bakin ruwa da dogon abu a hannu, kafin ya tashi an kira masa 'yan sanda. Yakan ce, "To ka gaya musu agwagwa kake jira." Uzurin gaskiya ne, amma na san ko babu shi da na nemo wani.

Da azahar na ɗauki kyamara, na bar ƙafa ukun a gida. Na je na tsaya, na duba hagu na duba dama. Na durƙusa. Sanyi ya ratsa gwiwata. Na kwanta rub da ciki, haɓata a kan ciyawa.

Wata tsohuwa mai yawo da kare ta tsaya a kaina, ta tambaye ni da yarensu ko lafiya. Na ce lafiya, agwagwa nake jira. Ta ja karenta baya, ta tsaya tana kallo.

Na daɗe a kwance, rigata ta jiƙe har ciki. Daga nan ƙasa ruwan ya zama wani abu daban, ya yi faɗi, kamar mutum yana cikinsa. Can sai ga wata 'yar agwagwa mai ruwan ƙasa, irin wadda ba mai waiwayarta, ta taho a hankali. Ba ta gudu ba. Ta zo har inda nake jin ƙarar ruwa a ƙirjinta, ta juyo da kai, ta dube ni da ido ɗaya. Rana ba ta fito ba yau, amma akwai ɗan farin haske a cikin idon, kamar ƙwayar gero.

Na danna.

Ga shi nan na sa a ƙasan wannan rubutu. Ya ɗan karkace, kuma akwai tsinken ciyawa da ya gitta ta gaba. Ban gyara komai ba. Ban sani ba ko ya yi. Mutum ɗaya ne zai ce ya yi in yarda, shi kuma an kai shi jiya.

Don haka ina roƙonku, kada wanda ya yaba. Kada wanda ya ce min "nice one", kada wanda ya ce Habu zai yi alfahari, ba ku san bakinsa kamar yadda na sani ba. Duk wanda ya ɗora yatsa zai yi sharhi a kan hoton nan, ya mayar da shi addu'a.

Allah ya jiƙan Abubakar. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa kabarinsa dausayi ne daga dausayin Aljanna. Yadda ya zauna a ƙasa gefen tabarmar uwar wani, Allah ya kawo wanda zai zauna wa tasa. Allah ya ba matarsa da Malam Sani haƙuri, ya raya 'ya'yan da ya bari.

Wanda ya taɓa amfana da sharhinsa ko da layi ɗaya, ya karanta masa Ƙulhuwallahu. Wanda yake kusa da Bunkure, ya taimaka ya shiga gidan ya yi gaisuwa a madadina, ya kuma leƙa Inna, don yau ba ta da ɗa na kusa.

Ni kuma ku sa ni a ciki. Allah ya mayar da ni gida da raina, in je in karɓi burtun nan in ɗaura, ko da babu mai riƙe min takalmi.